Baƙo Wanzam a Shekarar Damƙau

A Dugabau, idan tsofaffi suka zauna ana tuna mutanen da, ba a daɗewa sai an zo kan Baƙo Wanzam. Wani ya ce bai taɓa ganin mai hannu irin nasa ba, wani ya ce bai taɓa ganin mai ƙunar zuciya irin tasa ba, kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa. Gajere ne, baƙi, mai ɗan gemu, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta. Ba ya ɗaukar na wani, ba ya wasa da salla, maƙwabci bai taɓa kai ƙararsa ba. Aibinsa guda ne: idan aka yabi wani wanzami a gabansa, tuwon ranar ba ya wuce masa maƙogwaro.

Wanzanci gadonsa ne. Ubansa ya rasu ya bar masa zabira da asake da ƙahoni, da abin da ya fi su duka, wato gidajen aski. A wancan zamanin wanzami gidaje gare shi, yadda manomi yake da gonaki. Gidan da ubanka ya yi wa aski kai za ka ci gaba da yi wa: kai ne mai askin suna, kai ne mai cire beli, kai ne mai kaciya da ƙaho, in kaka ta yi a aiko maka da daminka. Baƙo ya gaji gida talatin da 'yan kai, tun daga cikin Dugabau har gefen Kara.

A cikin talatin ɗin akwai kai ɗaya da yake ji da shi fiye da sauran duka, kan Hammadu. Hammadu dattijon Bafillace ne wanda iyayensa suka gaji da yawo suka zauna a wata 'yar unguwa yamma da gari, suka haɗa kiwo da noma. Ba shi ya fi kowa shanu ba, ba shi da sarauta, sai dai in ya yi magana a wurin sulhu an gama. Kuma ba ya miƙa wuyansa ga kowa. Yakan ce wanda ka yarda ya ɗora maka aska a maƙogwaro ranka ka ba shi ajiya, rai kuwa ba a raba ajiyarsa gida biyu. Shekara talatin uban Baƙo kaɗai ke taɓa kan nan. Da ya rasu, ranar sadakar arba'in Hammadu ya zo ya yi addu'a, ya jira mutane suka ragu, sannan ya cire hula ya zauna a gaban Baƙo. Baƙo yana da shekara ashirin da biyu a lokacin. Ya sha faɗa cewa a ranar ya zama wanzami, abin da ya yi kafin nan duk koyo ne.

Tun daga nan, Juma'a ɗaya a tsallake ɗaya, Baƙo na gindin ɗorawar ƙofar gidan Hammadu da hantsi. Bappa yake ce masa, yadda 'ya'yan 'yan'uwansa ke kiransa. A gama aski, Asta matar Hammadu ta aiko da fura da nono mai kauri, a yi hirar shanu da ta ruwan sama. In ya je kasuwa kuwa, ko ba a tambaye shi ba sai ya san yadda ya karkato da zance ya ce, "Kan Bappa Hammadu aska biyu ya sani a duniya, ta babana da tawa."

Wanzamin da ke kusa da shi a yankin ɗan ƙanin ubansa ne, Jibirin, da ke zaune a Gude. Gindin zabira ɗaya suka yi koyo. Kurkunu ya lalata wa Jibirin ƙafar dama tun yana ƙarami, ya bar shi da ɗingishi, ga shi kuma Allah ya yi shi mai sanyin jiki, in ya tsaya gaisuwa a hanya sai ya tambayi lafiyar kaji. Ka aika masa ran Asabar, ka gan shi ran Talata. Baƙo ne ya ƙago maganar da ta bi gari, wai in ka kira Jibirin askin suna ka tanadi kayan kaciya, don kafin ya iso jaririn ya isa. Da aka gaya wa Jibirin dariya ya yi, ya ce Yaya Baƙo bai yi ƙarya ba. Wannan dariyar ma sai da ta ɓata wa Baƙo rai.

Shekarar da gyaɗa ta yi daraja, lokacin da kowane mai 'yar gona ya matsar da dawa gefe ya zuba ta, manyan motoci suna ta jidar buhuna zuwa Kano, Baƙo ya kai tasa sikeli a Gwarzo ya dawo a kan sabon keke. Da ma yaya lafiyar giwa, balle ta yi hauka. Kafin ɗan aike ya koma gida an ji ƙararrawar Baƙo a ƙofa. Da keken nan yake taƙama, kuma keken nan ne ya fara ja masa.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, damina ta zo ƙarshe, gyaɗa ta nuna an fara cira, sai wani ciwo ya shigo wanda tsofaffi ma suka ce ba su san shi ba. Mutum na sunkuye a gona lafiya ƙalau, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙasan haƙarƙari an murɗa. Numfashi ya gagara sai sama-sama, gumi ya keto, zazzaɓi ya rufe shi, ya dafe ƙirji ya durƙusa yana kalmar shahada. A yi wajen rabin sa'a a haka, sai abin ya sake shi. Ya miƙe ya yi hamdala ya ɗauki fartanya, can an jima ya sake damƙe shi a wurin ɗazu. Shi ya sa aka sa masa suna Damƙau. In ya shiga gida sai ya zaga kusan kowa, yara kuma a ciki ya fi kama su. Ba a ji ya kashe wani babba ba, amma je ka gaya wa wanda yake hannunsa haka. A makon farko kaɗai liman ya saurari wasiyya ta fi goma.

Ga shi ya zo a mugun lokaci, don gyaɗa ba ta jira. In ruwa ya ɗauke ƙasa ta ƙame, kana ja 'ya'yan suna tsinkewa a ciki, wahalar shekara ta zama rabon ɓeraye da masu kala. Kowa neman wanda zai tashe shi yau-yau yake, kuma ciwon haƙarƙari tun kaka da kakanni wanzami ake kira masa.

Baƙo ya ga lokacinsa ya zo. A aiko da safe, kafin a gama shimfiɗa wa mara lafiya tabarma ya iso. Ya kafa ƙahoni huɗu a haƙarƙari, ya tsaga, ya zubar da baƙin jini a ƙasa kowa ya gani. Ciwon ya saki, a yi ta sa masa albarka. La'asar na yi Damƙau ya dawo kamar wanda ya manta hularsa. Gobe Baƙo ya sake zuwa ya sake kafawa, ciwo ya sake dawowa. Ran na uku mutanen gida su fara kallon juna, wata tsohuwa ta ce a jarraba na Gude mana. A aika. Jibirin ya taso da ɗingishinsa, ya gaisa da mutanen hanya ɗaya bayan ɗaya, ya iso ran na biyar. Ya kafa ƙaho ɗaya tal, ya shafa man shanu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Washegari sai ga mutum a gona.

Sau ɗaya aka ce dace ne. Da aka yi sau biyar magana ta fita, wai ƙahon Baƙo lallashin ciwon yake, na Jibirin ne ke kashe shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kafin wata ya raba, gida shida daga cikin gadon Baƙo sun koma kiran Jibirin, har da wanda aka yi haihuwa aka ba shi askin suna, ya kuwa zo a makare aka jira shi.

Abin da ya ci Baƙo a kwanakin nan ba shi da wani suna sai hassada, irin mai sa mutum ya rame yana cin abinci. Ya daina buga ƙararrawa. In ya ga mutum da tabon ƙaho ɗaya a haƙarƙari sai ya ɗauke kai. Ya ce asiri ne, ya ce laya ce a cikin ƙahon, ya ce man shanun ne aka yi wa tofi. Har Gude ya je ranar kasuwa, wai ya zo sayen igiya, ya zauna kusa da Jibirin yana juya ƙahoninsa ɗaya-ɗaya, yana leƙa cikinsu yana sansanawa. Ƙahoni ne kawai, biyu ma sun tsage.

"Yaya, wallahi ni ma ban san abin da suke gani ba," in ji Jibirin. "Abin da Baba ya koya mana shi nake yi. Na ma ce musu su koma wurinka, ƙafar nan ba ta iya wannan zirga-zirga."

Da gori ya yi masa da ya fi sauƙi. Mutum ya ƙwace maka gida shida, sannan ya ce nauyi ma suka yi masa. Baƙo ya hau keke ya dawo, ko igiyar bai saya ba.

Matarsa Marka ce ta warware masa abin. Ita ma Damƙau ya kama ta, ta ce ba mai tsaga mata jiki, ta kwanta da tsumma mai ɗumi a haƙarƙari, ran na biyar ta tashi ta ci gaba da tsinkar gyaɗa a tsakar gida. Yana zaune yana wasa aska yana mita, ta yi magana ko kai ba ta ɗago ba.

"Malam, ni wa ya yi mini ƙaho?"

Ya ci gaba da wasa askarsa.

"Kai kana tarar da ciwo yana saurayi, shi yana tarar da shi ya tsufa. Ko ni ka aika ran na biyar da ludayi, sai na warkar."

Askar ta tsaya a kan dutse. Washegari ya tafi Gwarzo wurin malamin disfensari, ya yi masa tambaya a kaikaice, wai wani ne ya aiko shi. Malamin ya ce wata ƙwayar cuta ce da ke bin mutane, ko allura ba ta kama ta, kwana huɗu zuwa bakwai take yi ta wuce don kanta. Abin yi shi ne kwanciya, da shan ruwa, da asfirin in an samu. Ya ƙara da cewa a dai yi hattara, don ba kowane ciwon ƙirji ne wannan ba. In tsoho ne, ko aka ga tari da majina mai jini, a ɗauko shi a ranar, kada a kwana.

Mutumin kirki in ya ji haka, masallaci zai nufa ya gaya wa jama'a su daina ba da jininsu a banza. Baƙo mutumin kirki ne a abubuwa da yawa, amma ba a wannan ba. Ya ƙulle maganar a cikinsa, ya ce ashe jan ƙafa ne sana'ar, to shi ma ya iya. Aka aiko daga wani gida, ya ce yana nan tafe, ya kai kwana huɗu. Ya kafa ƙaho, mutum ya tashi. Ya sake a wani gidan, haka. Baki ya fara juyowa wajensa.

Ana cikin haka, wata Litinin da hantsi, Ja'afaru babban ɗan Hammadu ya yi sallama a ƙofar gida. Baƙo na ciki, ya jiyo shi ta kan katanga yana gaya wa wani maƙwabci cewa Damƙau ya kayar da tsoho ɗazu a wurin tatsa, kuma shi da bakinsa ya ce a kira masa Baƙo.

Ƙafarsa ta riga ta kai shi wurin keke. A nan ya tsaya, hannu a kan sirdi, tunani ya zo masa. In ya je yau, ciwon zai dawo da la'asar. Gobe ma haka. Jibi 'ya'ya za su matsa a kira na Gude, shi kuwa zai iso daidai lokacin da ciwon ya gaji. Hannun da ya tashi Hammadu daga kwance kuwa, wa zai hana shi kan Hammadu? Sai ya ga abin ƙuru-ƙuru a idonsa: gindin ɗorawa, Bappa ya cire hula, Jibirin ya miƙe gurguwar ƙafarsa yana wasa aska, Asta ta aiko masa da fura a ƙwaryar da Baƙo ke sha. Kishi ya rufe shi. Gargaɗin malamin disfensari a kan tsofaffi ya faɗo masa, ya ture shi gefe.

Ya tura keken cikin ɗakin harawa ya rufe, ya ce wa Marka ta leƙa zaure ta ce ya tafi Kara gaisuwar mutuwa, sai jibi ko gata.

"Malam, Bappa ne fa."

"Na san ko wane ne. Don shi nake yi."

Marka ta dube shi, ta je ta faɗi abin da aka sa ta.

Sai ka san Hammadu kafin ka san nauyin aiken nan. Mutum ne da bijimi ya taɓa soke shi a cinya, ya ɗaure da rawani ya koro shanu gida, sai da aka ga jini a tabarma aka sani. A wurinsu cewa wayyo abin kunya ne, neman taimako kuwa ya fi shi. Irin wannan mutum in ya yi aike sau ɗaya, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ran Talata Ja'afaru ya sake dawowa.

Baƙo kuwa yana ɗakin matarsa kamar mai jego. Ba ya fita masallaci, tasa gyaɗar na gona ƙasa na ƙamewa a kanta. Kada a ce bai damu ba. Ya damu, har hawaye ya yi ran Talatar, don yana son tsohon nan tsakani da Allah. Amma duk sanda tausayi ya miƙar da shi, kishi sai ya zaunar da shi. Sau uku yana hawa kan rumbu ta bayan gida yana leƙen hanyar Gude, ko zai hango mai ɗingishi. Abin da yake tsoro ke nan, ba mutuwar Hammadu ba. Ya san haka, ya kuma ji kunyar sanin.

Ran Laraba Asta ce ta zo da kanta, tsohuwa da sanda, ta shigo har tsakar gida tunda mace ba a tsayar da ita a zaure. Baƙo ya laɓe a bayan asabari yana jin hakinta. Marka ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi gajiya da shanu da mai jiki. Asta, bisa al'adarsu, ba ta faɗin sunan mijinta.

"Shi ne ya ce in zo," ta ce. "Yaran sun ce a kira na Gude, ya ce a'a. Ya ce ba ƙahon ne ya dame shi ba. A dai ce wa ɗan amininsa ya zo ya gan shi."

"Bai dawo ba tukuna, Inna," in ji Marka, muryarta can ƙasa.

A nan ya kamata Baƙo ya ɗaga asabari ya fito. Ya ji da kunnensa ba a kira Jibirin ba, ba kuma za a kira shi ba. Abin da yake tsoro babu shi. Amma in ya fito ƙarya ta tonu a gaban tsohuwa, ga shi kuma saura kwana ɗaya ciwo ya tsufa. Ya zauna.

Asta ta sha ruwa ta ajiye moɗa. Idonta ya yi ɗan yawo a tsakar gida, ya tsaya a kan ginshiƙin rumfa. Zabira ce rataye a wurin. Baƙo ya ɓoye keke, ya ɓoye takalmi, ya manta da abin da kowa ya san wanzami ba ya taka ƙofar gida babu shi, ko da gaisuwar mutuwa za shi. Marka ta ga inda idon ya tsaya, shi da ke bayan asabari bai gani ba. Tsohuwa ta dafa sanda ta miƙe.

"To, Allah ya dawo da shi lafiya," ta ce.

Ran Alhamis Baƙo ya fito da keke, ya zagaya ta hanyar Kara don a ga ta inda ya ɓullo, ya iso yana buga ƙararrawa. Ya tarar da Hammadu jingine da bango, ya zabge, idanu sun faɗa, amma zazzaɓin ya sauka. Allah ya rufa asiri, Damƙau ne ba wani ciwon ba, kuma ya riga ya gaji.

"Sannu Bappa. Ya jiki? Ashe abin da ya faru ke nan."

"Da sauƙi, Baƙo. Ka dawo lafiya? Ya mutanen Kara?"

"Suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Sai godiya, Bappa."

Ya kafa ƙaho biyu, Hammadu ya ba shi haƙarƙari. Ran Asabar aka ga tsoho a bakin gona yana nuna wa masu cira inda suka tsallake. Labari ya bazu har Kabo, cewa Damƙau ya kwantar da Hammadu kwana uku ana jiran rai, Baƙo ya zo sau ɗaya ya tashe shi. Gidaje shidan nan suka dawo da 'yar kunyarsu, huɗu daga cikin na Jibirin ma suka biyo su. Baƙo ya murmure a mako guda.

Juma'ar aski ta zo. Hammadu ya tare shi da fara'a, aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa. Baƙo ya buɗe zabira ya fara wasa aska. Hammadu ya shafa hularsa, bai cire ba.

"Gashin bai taru ba tukuna, Baƙo. Bari sai wani jiƙon."

Baƙo ya ce to, ciwo yakan hana gashi fita. Bayan mako biyu ya koma, gashi bai taru ba. Ya sake komawa, bai taru ba, alhali furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hula ta sauko kan kunne. Ranar da ya koma gida yana ta juya abin ne Marka ta gaya masa inda idon Asta ya tsaya.

Ya so ya roƙi gafara, amma ta ina? Ba a zarge shi ba balle ya kare kansa. Ba a rage masa fara'a ba, ba a rage kaurin nono ba, daminsa ma ya zo yadda aka saba. Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali, suna zaune su biyu, ya ce, "Bappa, game da kwanakin nan da ka kwanta..."

"Ai ka zo, ka yi aiki, na tashi. Allah ya yi albarka." Hammadu ya juya yana kallon shanu. Can ya ce a hankali, "Ranar da babanka zai cika, aike ɗaya ya yi mini. Ina fadama da shanu, a nan na bar su." Sai ya juya zance, ya tambaye shi ko ya gama kai gyaɗarsa sikeli.

Baƙo ya yi shekara ashirin da wani abu bayan wannan. Ya ga gyaɗa ta yi tashe ta faɗi, ya ga keke ya zama abin kowa, ya aurar da 'ya'ya, gidajen askinsa suka kai hamsin, har ana ce masa Sarkin Aska ba tare da an naɗa shi ba. Damƙau ya sake leƙowa sau ɗaya ko biyu, kuma a ba Baƙo haƙƙinsa, bai ƙara jan ƙafa a kiran kowa ba, yakan ma ce wa mutane su kwanta kwana biyar su bar jininsu a jikinsu. Kishin Jibirin dai da shi ya shiga kabari. In aka tambayi Marka yaushe mijinta ya tsufa, ba ta cewa shekara kaza, takan ce ranar wata kasuwar Gude ce, wata uku bayan ciwon nan.

Ranar Baƙo ya je cin kasuwa, azahar ta yi, ya tsuguna a bakin masallaci da buta. Sai ga Hammadu ya zo ya tsuguna kusa da shi, suka gaisa yadda suka saba. Tsohon da ba ya zuwa wurin kowa sai dai a zo masa, ya tako tun daga unguwarsu da ƙafarsa. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya zo shafar kai, ya ture hula baya.

Kan na sheƙi, an aske shi tas, ko sa'a ɗaya ba a yi ba. Baƙo ba ya bukatar a gaya masa hannun wane ne. Askin gidansu ne, kuma mutum biyu suka rage da suka iya shi, shi da Jibirin. Ruwan butarsa na tsiyaya a ƙasa bai sani ba. Idonsa ya bi kan nan tun daga goshi, ya gangara ƙeya inda fatar tsufa ke naɗewa aska takan yi tuntuɓe, ya zagaya bayan kunnen hagu inda akwai wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gero, wanda shi kansa sau biyu yana fasa shi a shekarun da ya yi yana wannan aski. Ƙwarzane ɗaya yake nema, ko gashi ɗaya da aka tsallake, abin da zai riƙe ya tafi da shi gida. Har roƙo ya yi a zuciyarsa, a bakin masallaci, Allah ya sa ya gani.

Aka tayar da salla. Hammadu ya mayar da hularsa ya shiga sahu. Baƙo na nan tsugune, ko fuska bai wanke ba, kuma bai samu ƙwarzane ko ɗaya ba.